Ranar da Boka Tanimu Ya Tayar da Kyauro

Wani mutum ne a unguwarmu ta Bakin Kasuwa, nan Funtuwa. Tanimu ne sunansa na yanka, amma in ka kira shi haka ko waiwayowa ba zai yi ba. Sai ka ce Boka Tanimu Gobara-daga-Kogi. Shi ya raɗa wa kansa, ba rago ba goro.

Da can gyaran rediyo yake yi a gindin durumi. Sana'a ta mutu. Ya koma sayar da maganin ɓera, ɓerayen unguwa suka yi ɓul-ɓul, har suka fara haihuwar tagwaye. Daga nan ne ya wayi gari ya ce an buɗe masa ido.

Kada ku zaci irin bokan da ne mai zama a kogo da fatar kura. Ina! Tanimu bokan zamani ne, a waya yake aiki. Ya sayi fitilar nan mai zobe ta masu ɗaukar bidiyo, ya rataya jan ƙyalle a bango, ya jera ƙwarya da wuri da wani ƙaho da ya tsinta a kwata. In kana son rubutun sha, sai ya ɗauki hoton allo ya turo maka, ka ɗora kofin ruwa a kan fuskar wayarka, ka shanye. In turare ne, a ɗakinsa zai kunna, ya kira ka ta bidiyo, ya ce ka matso da hancinka ka shaƙa. In ka dawo ka ce aiki bai ci ba, amsarsa a shirye take.

"Sabis ɗin garinku ne ba ƙarfi. Aljani ya taso, ya maƙale a hanya."

Kuma akwai masu biye masa! Na nesa dai, waɗanda ba su san shi ba. Mu nan unguwa mun san Tanimu tun yana yawo da majina shaɓe-shaɓe. In ya wuce da jar hularsa, sai telan unguwa ya ce, "Boka, an samu sabis?" Kowa ya sheƙe. Abin nan yana cinsa kamar gara. Ba abin da yake so a duniya irin ya shigo rumfar Sagiru a tashi a ba shi benci.

Rumfar Sagiru ita ce majalisarmu. Yana da sola, yana da talabijin ƙatuwa. Kowace Lahadi bayan La'asar ana nuna wani shiri mai dogon zango, Rijiyar Gauraki. Labarin wani sadauki ne, Kyauro, wanda yake yaƙi da Mayya Dunhu, wadda ta kulle ruwan saman garinsu a cikin rijiya. Yaron da yake fitowa a Kyauro kuwa, tubarkalla. Dogo sambal, ƙirji kamar ƙyauren ƙofar gari, in ya zare takobi har kajin unguwa sai sun yi shiru.

Ƙatti fa nake gaya muku, masu gemu, masu iyali. Amma in ana shirin nan ko wuta ta kama kasuwa sai an gama. In aka gama kuma sai musu.

Nalado direban gingimari shi ne mai kushe. "Wannan dodon nasu," in ji shi, "ƙadangare ne aka hura da famfon keke."

"Kai ka taɓa ganin dodo?" in ji Bawale.

"A'a."

"To rufe mana baki."

Sai Nalado ya rufe. Dole ya rufe. Bawale mahauci ne, hannunsa kamar taɓarya, an ce ya taɓa kayar da bijimi shi kaɗai don ya harare shi. To wannan ƙaton, duk duniya ba wanda yake so irin Kyauro. In aka ɗana wa Kyauro kibiya ta baya, Bawale sai ya miƙe tsaye: "Bayanka! Kai, bayanka!" Wanda ke zaune a gabansa ya sha gwiwa a ƙeya ba adadi.

Abin da ƙattin nan ba su damu su sani ba shi ne, shirin daga littafi aka ciro shi. Tsohon littafi ne, irin waɗanda 'yan mata suke karɓowa haya a da, su ɓoye a ƙarƙashin filo. Mu kuwa maza a wurinmu littafin hikaya kayan mata ne, kamar lalle. Ba wanda ya karanta. Kuma ba wanda zai je ya tambayi matarsa, don kada ta gane maigida yana share hawaye a rumfar Sagiru.

Tasalla matar Tanimu ta karanta shi tun tana budurwa, har ta haddace. Da aka fara shirin ta shiga maƙwabta ta leƙa, ba ta daɗe ba ta dawo tana ta jan tsaki.

"Mtsw! Sun kashe littafi. Malam, ka ga rijiyar kuwa? A littafi matakalarta ta azurfa ce, in ka leƙa taurari kake gani da rana tsaka. Su kuwa sun je sun samo rijiyar gidan wani, har da gugan roba a gefe. Gaurakin ma zabbi ne aka manna musu tukku. Ni da kallon abin nan har abada."

Tanimu yana cin tuwo, loma ta tsaya a hanya.

"Tsaya, Tasalla. Wato kin san abin da zai faru gaba?"

"Har ƙarshe. Me aka yi?"

"Ba komai," in ji shi. "Ƙaro mini miya."

Ranar Lahadi, ana gama shiri, ana cikin musu, sai Tanimu ya yi wata irin atishawa. Ya ƙafe ido. Ya fara karkarwa kar-kar-kar kamar tsohon janareto.

"Sarauniya ta zo," ya ce da wata murya ta cikin tulu. "Uwar ɗakina ta mutanen ɓoye. Ta ce a gaya muku, Tunau, aminin Kyauro, zai ci amanarsa."

Bawale ya cafki wuyan rigarsa. "Tunau? Tunau da ya tare masa mashi da kafaɗarsa? Ka iya bakinka, mai rediyo!"

"Ba ni na faɗa ba. Ni ɗan aike ne."

Sati ya zagayo. Tunau ya sayar da Kyauro a kan sarautar kasuwa. Aka juyo ana kallon Tanimu, shi kuma yana sakace haƙori, yana kallon sama.

"Sa'a ce," in ji Nalado.

To, sai ya ce dokin Kyauro zai yi magana. Aka yi masa dariya har da riƙe ciki. Doki ya yi magana. Ya ce Mayya Dunhu yayar uwar Kyauro ce, ciki ɗaya. Haka ta tabbata. Kafin ka ce kwabo Tanimu ya samu benci, har da matashi. Sagiru ya daina karɓar kuɗin kallonsa. Tela mai tambayar sabis yanzu da hannu biyu yake gaishe shi.

Ya ce musu ai ba sani kawai yake yi ba. Mai shirya shirin ma a tafin hannunsa yake. "Ina daga nan nake juya zuciyarsa kamar waina. Abin da na ga dama shi zai rubuta."

A gida kuwa? A gida Gobara-daga-Kogi yana tsugune gaban turmi yana jajjaga tattasai. Ya ja ruwa, ya hura wuta, ya kama wa Tasalla shanya.

"To daga nan sai me ya faru, uwargida?"

Ita baiwar Allah a zatonta soyayya ce ta dawo. Shekara da shekaru bai zauna ya yi hira da ita ba, yau ga shi har yana roƙon ƙari. Sai ta gyara zama ta yi ta ba shi, har da kwaikwayon muryoyi.

Ana nan, ana nan, sai ranar baƙin ciki ta zo. Wannan wurin kuwa, Tasalla ba ta kai ga ba shi labarinsa ba. Mayya Dunhu ta ritsa Kyauro a bakin rijiya, ta soke shi da mashin ƙanƙara, caɓ! Ya yi taga-taga, ya kalli sama, ya faɗa. Tsundum! Sai kiɗan sarewa.

Jama'a, ban taɓa ganin irinta ba. Wani ya ce a mayar baya a sake gani, Sagiru ya ce ba kaset ba ne. Nalado mai kushe ya ce wai hayaƙin janareton maƙwabta ne ya shigar masa ido. Bawale kuwa bai ɓoye ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya rushe da kuka, wuuu, kamar an yanka saniya da wuƙa marar kaifi. Washegari bai fita kwata ba. Mutane suna wucewa ta ƙofar gidansa suna cewa, "Bawale, ya haƙuri?" yana amsawa, "Haƙuri sai ma'aiki."

Shi kuwa Tanimu tun a ranar ya zame ya yi gida da gudu.

"Tasalla! Sun kashe Kyauro!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Shi ne me? Ai zai dawo."

"Zai me?"

"Zai dawo mana. Gauraki za su taru a bakin rijiyar su yi kuka, sai ya fito. Ya ma fi da kyau, da haske a goshinsa. Wurin nan na fi so a duk littafin."

Tanimu ya zauna a kan turmi. Ya yi murmushi. Irin murmushin kura ta ga akuya ta tsinke.

Da safe ya saka jar hula, ya tafi gaisuwa gidan Bawale. Ya zauna, ya yi ajiyar zuciya.

"Jiya ban runtsa ba. Sarauniya ta kai ni har cikin zuciyar mai shirin. Ya riga ya rufe babin yaron nan. Ya ce ko uwarsa ta roƙe shi ba zai dawo da shi ba."

Bawale ya sake ɓarkewa.

"Sai dai..."

"Sai dai me, Boka?"

"A'a, bar shi. Aikin da nauyi."

"Faɗi! Ko mene ne!"

"Zan iya juya shi ya tayar da Kyauro. Amma tayar da matacce sai da jini. Kuma ba jinin kowace dabba ba. Sai wadda mai ita yake so har cikin ransa."

Yana faɗa yana kallon gindin darbejiya, inda Janar yake ɗaure.

Janar ragon Bawale ne. Tun yana ɗan jariri uwarsa ta mutu, Bawale ya raine shi da bulumboti. Mutumin da ya yanka dabbobin da ba su ƙirguwa, ya kasa ɗora wa wannan wuƙa. Sallah nawa ta wuce, alhazai suna tayi, yana korarsu. Rago ne kamar maraƙi, fari fat, ƙaho ya murɗe har ya sake murɗewa. Burodi yake ci da shayi. In Bawale zai tafi kallo, tare suke tafiya.

Bawale ya kalli Janar. Janar ya kalli Bawale, ya ce, "Mbeee."

"Boka, ba za a karɓi sa ba? Ina da sa."

"Kana son san?"

"A'a."

"To ka gani."

Nalado ya ja Bawale gefe. "Kai, ka yi hankali. Wasan kwaikwayo ne fa."

"Wasa ne da doki ya yi magana? Wa ya faɗa tun kafin a yi?"

Nalado ya sake shi, ya koma gefe.

A bayan kwata aka yi aikin, da hantsi. Tanimu ya kafa waya a kan sanda don mabiyansa na nesa su gani. Ya zagaya ragon yana surutai, yana watsa gero, yana tsalle da ƙafa ɗaya. Bawale ya juya baya, ya toshe kunne. Da aka gama, mutane suka matso da robobinsu, don a al'adarmu ba a yanka a hana maƙwabci. Tanimu ya daka musu tsawa.

"Kul! Naman mutanen ɓoye ne. Bil'adama ya taɓa, kuturta!"

Ya ɗure Janar a buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya ce zai kai tsamiyar da Sarauniya take. Tsamiyar nan kuwa a Bakori take, kuma wani abokinsa mai balangu ne yake zaune a gindinta. Can aka gasa na gasawa, aka soya na soyawa, aka adana masa a tukunya. Kullum sai ya hau babur ya tafi "ganawa". Ya dawo gida yana gyatsa, Tasalla ta kawo tuwo da miyar kuka, ya ture.

"Cikina ba daɗi."

Har sabara ta jiƙa masa, baiwar Allah.

Lahadi ta zo, ba Kyauro. Wata ta zo, ba Kyauro. Sai Mayya Dunhu kawai take ta dariya a talabijin. Bawale ya daina gaida boka da baki. In Tanimu ya zo wucewa ta rumfar nama, sai Bawale ya ɗauko wuƙa ya fara wasawa, shuu, shuu, yana binsa da ido har ya sha kwana.

Rannan a ƙarshen shiri aka ɗan nuna abin da zai zo. Sai ga zabbin nan masu tukku sun taru a bakin rijiya. Tanimu ya daka tsalle, ya haye benci.

"Lahadi mai zuwa! In Kyauro bai fito daga rijiyar nan ba, ku kira ni Tanimu mai rediyo har in mutu! Ni na kira shi, kuma ni zan fito da shi!"

Ranar, rumfar Sagiru ba masaka tsinke. Har daga wasu unguwanni aka zo. Tanimu ya ci sabuwar riga, ya zauna a gaba, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya kunna waya mabiya suna kallo kai tsaye. Bawale yana gefensa, ya yi wanka, ya sha turare kamar mai zuwa tarbar alhaji.

Aka fara. Zabbi suka yi kuka. Hayaƙi ya turnuƙe rijiya. Ganga ta ɗauka, dum, dum, dum.

"Fito!" in ji Tanimu, yana nuna talabijin da ƙaho. "Na ce ka fito!"

Sai ga hannu ya kama bakin rijiya.

Rumfa ta ɗauki sowa. Bawale ya rungume Tanimu har ƙashinsa ya ce ƙas.

Amma hannun nan fa gajere ne. Yatsu kamar rogo. Sai ga kai ya biyo baya, sanƙo tal, hasken da aka saka masa a goshi yana ta zamewa. Sai kafaɗa. Daga nan fitowa ta tsaya, don tumbi ya cika bakin rijiyar. Ya yi nishi, ya murɗa, ya sake murɗawa, sai fut! ya faɗo waje. Ya miƙe. Takobin Kyauro yana ja masa a ƙasa. Ya buɗe baki, ga giɓi kamar ƙofar zaure, ya ce da wata murya irin ta agwagwa mai mura:

"Ni ne Kyauro. Na dawo."

Tsit. Ko tari babu.

Bawale ya saki Tanimu a hankali. "Boka. Wane ne wannan?"

"To... ai... ka san zaman rijiya. Ruwa yana kumbura mutum."

"Ruwa yana rage tsawo?"

Sagiru dai ya duƙufa a kan wayarsa yana bincike. Can ya ɗago.

"Jama'a, ga abin da ake faɗa. Wai yaron da yake fitowa a Kyauro ya bar shirin. Rana ɗaya ya tashi ya haɗa kayansa, ya ce garin ya ishe shi. Ba wanda ya san inda ya nufa, wasu sun ce Legas, wasu sun ce Agadas. Shi ne mai shirin ya saka ƙanin matarsa."

"Yaushe ya tafi?" in ji Bawale.

Sagiru ya sake dubawa. "Satin da aka yanka Janar."

Nalado, wanda duk tsawon lokacin nan shi ne mai shakka, ya miƙe ya dafe ƙirji.

"Kurciya! Wallahi kurciya ce! Mutum yana zaman lafiyarsa, a yi yanka, ya tashi ya bar gari ba waiwaye? Ni dai yau na yarda da kai, Boka. Aikin ne ya karkace, ka yi wa ɗan mutane kurciya!"

Rumfa ta kaure. "Kurciya ya yi masa!" "Ya kori yaro, ya kawo mana tulu!" "Mugu!"

Bawale bai yi ihu ba. Hannu ɗaya ya sa, ya ɗaga Tanimu ta wuyan riga, ƙafafunsa suna reto.

"Na ba ka Janar. Ka raba ni da Janar, ka raba ni da Kyauro. Yanzu ka warware abin da ka ƙulla, ka dawo da yaron nan."

Tanimu ya duba hagu, ya duba dama. Ya ga in ya ce shi boka ne, ya mutu. Hanya ɗaya ta rage.

"Bawale, don girman Allah sauke ni. Ni ba boka ba ne. Ban iya komai ba. Ƙarya nake yi!"

"Ƙarya? Wa ya ce Tunau zai ci amana?"

"Ni ne, amma..."

"Wa ya ce doki zai yi magana?"

"A littafi yake! Duk a littafi yake! Matata ce ta karanta, ita take gaya mini! Ba wata Sarauniya, Tasalla ce!"

"Ji mugu," in ji tela. "Zai laƙa wa matarsa."

"Ku zo ku tambaye ta! Ku zo!"

Haka aka ɗunguma, Bawale yana riƙe da shi kamar kazar da za a kai kasuwa. Aka yi sallama a ƙofar gida. Tasalla ta yafa mayafi ta fito zaure, ta ga unguwa guda a tsaye, ga mijinta ba hula.

"Lafiya?"

"Tasalla, uwargida, farar mace alkyabbar mata," in ji Tanimu. "Gaya musu gaskiya. Gaya musu ke ce Sarauniyar."

"Wace Sarauniya?"

Nalado ya ce, "Aljanarsa, Hajiya. Wadda take ba shi labarin shirin nan. Wai yanzu ke ce. Alhali kullum yana gaya mana tsohuwa ce tukuf, mai kofaton jaki, baki har kunne, in ta yi magana sai ya toshe hanci."

Tasalla ta juya ta kalli mijinta. "Mai kofaton me?"

"Salon magana ne, uwargida, ado ne na sana'a..."

"Mu ba wannan ya kawo mu ba," in ji Bawale. "Matar boka, ki ji tsoron Allah. In ƙarya yake, to ina ragona? In naman nan gidan ya shigo, ki faɗa."

"Wane rago?"

"Janar. Sukutum ɗinsa na ba shi."

"Janar? Farin nan mai kama da maraƙi?"

"Shi."

Tasalla ta juya. Ta kalli tumbin mijinta, wanda ya ɗan tasa a 'yan kwanakin nan. Ta tuna sabarar da ta jiƙa. Ta tuna miyar kukar da take kaɗawa ba ko ƙashi. Ta tuna hirar da ta zaci ta so ce. Ni da nake kusa na ga lokacin da idonta ya canja, na ce a raina, Tanimu, ka shiga uku.

Ta gyara mayafi. Ta sunkuyar da kai kamar sabuwar amarya.

"Bayin Allah, ni ko ƙashin rago ban gani ba. Littafi kuma, ina ni ina littafi? Ni da ko sunana sai an nuna mini."

"Tasalla!"

"Malam, ka daina ɓoye baiwar da aka yi maka. Jama'a, kunya ce da shi. Mijina babban boka ne. In yana ganawa da mutanensa, ni kaina ɗaki nake shiga in kulle. Kurciya kuwa ai ita ce ƙaramin aikinsa. Kuma ya sha gaya mini, wanda ya yi wa ita ba ya dawowa, sai in shi da kansa ya bi sawu ya kamo shi da hannu."

"Ban taɓa faɗa ba! Wallahi ban taɓa ba!"

"Allah ya ba da sa'a, Malam," in ji ta. Ta shige gida, ta tura ƙyaure, ta sa sakata. Ƙarap!

Bawale ya juya wurin Nalado. "Yaushe za ka tashi?"

"Yanzu. An gama lodin masara, Legas na nufa."

"Madalla. Ya fara da can. In bai same shi ba, ka sa shi a motar Agadas."

Ba a ko bar shi ya ɗauki takalmi na kirki ba. Aka kai shi tasha, unguwa guda tana rakiya. Ƙatti suka yi hannu-hannu da shi, suka cilla shi kan buhunan masara, tim! Bawale ya nuna shi da yatsa.

"Kada in ga ƙeyarka a Funtuwa sai da Kyauro. Na gaske. Dogon."

Nalado ya tayar da mota. Tanimu ya rarrafo bakin bodi, ya ɗaga hannu biyu sama, yana kuka da majina.

"Jama'ar Annabi, ku yi mini shaida! Kun san ni tun ina yaro! Ni ne na sayar muku da maganin ɓera! Ni ba kowa ba ne, mai rediyo ne! Wallahi tallahi ni maƙaryaci ne!"

Bawale ya ɗaga murfin bodi, ya rufe garam, ya zura ƙarfe.

"Ƙarya kake yi, Boka. Allah ya kiyaye hanya."